Harvey Penick: Yaron da ya fara da ɗaukar jaka ya zama malamin zakarun golf na duniya

A yammacin Lahadi, 9 ga Afrilun 1995, ɗan wasan golf na Amurka Ben Crenshaw ya tura ƙwallonsa ta ƙarshe cikin rami a filin Augusta da ke jihar Georgia. Da wannan bugun ya lashe gasar Masters, ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu na wasan a duniya.

Maimakon ya yi tsallen murna, sai ya saki sandarsa, ya sunkuya, ya rufe fuska da hannuwa yana kuka. Mai ɗaukar masa jaka, Carl Jackson, shi ya matso ya riƙe shi.

Kwana huɗu kafin nan, Crenshaw na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar wani dattijo mai shekara 90 a birnin Austin na jihar Texas. Dattijon shi ne Harvey Penick, mutumin da ya fara damƙa masa sandar golf tun yana ƙaramin yaro.

Penick bai taɓa lashe babbar gasa ko ɗaya ba. Bai yi karatun jami'a ba. Amma ya shafe shekara 33 yana horar da 'yan wasan Jami'ar Texas, kuma har yau da wuya a lissafa manyan malaman golf ba a sa sunansa ba.

Daga ɗaukar jaka

An haifi Harvey Penick ranar 23 ga Oktoban 1904 a Austin. Yana da shekara takwas ya fara zuwa kulob ɗin Austin Country Club, wanda aka kafa a 1899, yana ɗaukar wa manyan gari jakar sanduna ana biyansa 'yan kuɗi kaɗan.

Ga wanda ke Zuru ko Birnin Kebbi da bai taɓa taka filin golf ba, wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu ba shi da wuyar fahimta. Fili ne mai faɗi da ke da ramuka 18. Ɗan wasa zai buga 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda daga nesa har ta faɗa rami, sannan ya wuce na gaba. Wanda ya kammala da bugu mafi ƙaranci shi ya yi nasara. Sandunan iri-iri ne, akwai na bugun nesa, akwai na kusa, shi ya sa ake buƙatar mai ɗaukar jaka.

Wannan aikin ɗaukar jakar shi ne makarantar 'ya'yan talakawa a wasan. Yaro yana tafe a bayan maigida yana kallon yadda ake riƙe sanda, yadda ake tsayuwa, da irin kurakuran da ake maimaitawa. Haka abin yake har a Najeriya, inda da yawan ƙwararrun 'yan golf suka fara da ɗaukar jaka a kulob-kulob irin na Kano da Kaduna da Jos da Ikoyi.

Penick ya yi saurin koyo. Yana da shekara 13 aka ɗauke shi mataimakin ƙwararren ɗan wasan kulob ɗin. A 1923, da ya kammala sakandare yana da shekara 18, aka ba shi babban muƙamin gaba ɗaya.

A wancan zamanin muƙamin bai da wata daraja ta a-zo-a-gani. Ƙwararren kulob ma'aikaci ne. Shi ke gyara sanduna masu mariƙin itace, shi ke kula da fili, shi ke koyar da mambobi. Ko kewayen ramukan filin Austin a farkon lamari da yashi aka yi shi maimakon ciyawa, irin wanda aka daɗe ana amfani da shi a filayen arewacin Najeriya.

Penick ya riƙe wannan muƙami shekara 48, har zuwa 1971. Sau biyu kulob ɗin na sauya matsuguni a rayuwarsa, shi kuma yana biye da shi.

Ranar da ya san iyakarsa

Kamar kowane matashi mai hannu a wasa, Penick ya so ya yi suna a fagen gasa. Ya kai matsayin da ya samu gurbi a gasar US Open ta 1928 da aka yi a filin Olympia Fields kusa da Chicago, wadda Johnny Farrell ya lashe bayan ya doke shahararren ɗan wasa Bobby Jones a zagayen raba gardama. Shiga wannan gasa kaɗai shaida ce cewa mutum na cikin gwanaye.

Sai dai shiga cikin gwanaye daban, zama gwanin gwanaye daban. Penick da kansa ya ba da labarin abin da ya sauya masa tunani. A shekarun 1930, a wata gasa a birnin Houston, ya tsaya kallon wani sabon matashi mai suna Sam Snead yana buga ƙwallo. Ƙarar bugun da yadda ƙwallon ta tashi suka tabbatar masa cewa akwai wani mataki da shi ba zai taɓa kaiwa ba, komai atisayen da zai yi.

Lokaci ya nuna bai yi kuskure ba game da Snead. Matashin ya ci gaba har ya lashe gasa 82 a babban rukunin ƙwararru na Amurka, tarihin da sai a 2019 Tiger Woods ya kamo shi.

Da yawan 'yan wasa idan suka gamu da irin wannan ranar, ko dai su ƙi yarda su ci gaba da wahalar da kansu, ko su bar fagen da ɗacin rai. Penick ya ɗauki hanya ta uku. Ya lura cewa abin da ya fi kowa iyawa shi ne kallon bugun wani ya gano inda matsalar take, sannan ya faɗa masa cikin kalmomin da zai gane. Daga nan ya mayar da hankalinsa kacokan kan koyarwa.

Shekara 33 a Jami'ar Texas

Tun a 1931 aka naɗa shi kocin ƙungiyar golf ta Jami'ar Texas da ke Austin, aikin da ya haɗa da na kulob ɗinsa.

A Amurka wasannin jami'a ba abin wasa ba ne. Nan ne babbar hanyar da matasa ke bi su zama ƙwararru. Jami'o'i na fafatawa a rukunin shiyya, sannan a matakin ƙasa ƙarƙashin hukumar NCAA. Akwai kama da gasar NUGA ta jami'o'in Najeriya, amma kuɗi da kulawar da ake zubawa a can sun ninka na nan nesa ba kusa ba.

Jami'ar Texas na cikin rukunin Southwest Conference a lokacin. Daga 1931 zuwa 1963, ƙungiyar Penick ta lashe kambun rukunin aƙalla sau 20, mafi yawansu tsakanin 1932 da 1954, lokacin da sauran jami'o'in shiyyar suka zama kamar 'yan rakiya.

Ɗalibinsa Ed White ya lashe gasar ɗaiɗaiku ta jami'o'in ƙasar a 1935, ya kuma wakilci Amurka a gasar Walker Cup ta 1936. White bai zama ƙwararre ba, ya kama aikin injiniya a harkar man fetur. Wannan bai dami Penick ba, domin bai ɗauki aikinsa a matsayin masana'antar fitar da ƙwararru kaɗai ba.

Wanda mutuwarsa ta fi girgiza shi shi ne Morris Williams ƙarami. Matashin ya kai wasan ƙarshe na gasar jami'o'i a 1949 da 1950, kuma ana ganin shi ne zai gaji manyan 'yan wasan Texas. Ya shiga rundunar sojin sama, ya rasu a haɗarin jirgin yaƙi a 1953. Har tsufansa Penick na sa shi cikin mafi hazaƙar waɗanda ya taɓa koyarwa. Akwai filin golf na gwamnatin birnin Austin da ke ɗauke da sunansa.

Wani ɗalibin nasa a jami'ar shi ne Davis Love, wanda shi ma ya zama fitaccen malamin golf kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1988. Ɗansa, Davis Love na Uku, zai sake bayyana a ƙarshen wannan labari.

Akwai wani ɓangare na wancan zamani da bai kamata a tsallake ba. Duk tsawon shekarun da Penick ya yi yana koci, ana nuna wariyar launin fata a kudancin Amurka. Sai a 1956 Jami'ar Texas ta fara karɓar baƙaƙen fata a karatun digiri na farko, kuma sai a ƙarshen 1963 ta ba su damar shiga ƙungiyoyin wasanninta. Ƙungiyar ƙwararrun golf ta Amurka, PGA, ita ma tana da dokar da ta taƙaita zama mamba ga farar fata daga 1934 har zuwa 1961. Tsanin da Penick ya taka daga ɗaukar jaka zuwa shugabancin kulob a rufe yake ga dubban yara baƙaƙe masu irin hazaƙarsa.

Yadda yake koyarwa

Abin da ya bambanta Penick da sauran malamai shi ne ƙarancin magana. Yakan daɗe yana kallon ɗalibi bai ce uffan ba. Wani lokacin sai ya koma gida ya kwana da tunanin matsalar, washegari ya zo da jimla ɗaya.

Ya ɗauki gyara kamar magani. Idan ƙwaya ɗaya ta isa, shan kwalba guda illa zai yi. Don haka ba ya rushe salon mutum ya sake gina sabo, sai dai ya taɓa wuri ɗaya, sau da yawa yadda ake riƙe sanda, ya bar sauran su daidaita da kansu.

Yana guje wa kalmomin hani. A ganinsa, idan aka ce wa ɗan wasa kada ya jefa ƙwallo cikin ruwa, ruwan ne zai zauna masa a zuciya. Gara a nuna masa inda ake so ƙwallon ta sauka, ya tattara hankalinsa a nan ya manta da komai.

Misalansa kuma daga rayuwar yau da kullum yake ɗauko su, kamar lilo da bokitin ruwa ba tare da ya zube ba, ko saran ciyawa. Wanda bai yi boko mai zurfi ba zai gane, farfesa ma zai gane.

Yara kuwa daga bakin rami yake fara musu. Da mahaifin Crenshaw ya kawo masa shi, Penick ya ba yaron wata sanda da aka rage wa tsawo, ya ce ya ɗaga ƙwallo zuwa kusa da rami sannan ya tura ta ciki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Crenshaw ya girma ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi iya bugun kusa da rami a tarihin wasan.

Ɗalibai biyu, hanya biyu

Babbar shaidar basirarsa ita ce yadda ya reni Tom Kite da Ben Crenshaw a kulob ɗaya, a lokaci ɗaya.

An haifi Kite a 1949, Crenshaw kuma a 1952. Kite mutum ne mai naci, zai wuni yana atisaye yana neman dalilin kowane motsi. Crenshaw kuwa baiwa ce ta yi masa yawa, ya fi son ya shiga fili ya buga kawai.

Penick bai yarda ɗayansu ya tsaya kallon darasin ɗan'uwansa ba, domin abin da zai gyara wannan zai iya ɓata wancan. Ya bar Kite da atisayensa, ya bar Crenshaw da baiwarsa.

Dukansu sun shiga Jami'ar Texas bayan Penick ya ajiye aikin koci, suka yi wasa ƙarƙashin magajinsa George Hannon. Jami'ar ta lashe kambun ƙasa a 1971 da 1972, abin da ƙungiyoyin Penick ba su taɓa samu ba a zamaninsa. A 1972 ɗin Kite da Crenshaw suka yi kunnen doki a gasar ɗaiɗaiku, aka raba musu kambun. Wani ne ya girbe, amma kowa a Austin ya san wanda ya yi shukar.

Crenshaw ya lashe Masters karon farko a 1984. Kite ya daɗe ana yi masa kallon gwanin da babbar gasa ta gagara, sai a Yunin 1992, yana da shekara 42, ya lashe US Open a filin Pebble Beach cikin iska mai ƙarfi. Daga baya aka kai kofin har wurin Penick a Austin aka ɗora masa a cinya.

Mata ma sun amfana da shi tun lokacin da ba a ba wasan mata muhimmanci. Betsy Rawls, wadda ta karanta kimiyyar fiziks a Jami'ar Texas, ta lashe US Open ta mata sau huɗu. Mickey Wright, mai nasara 82, ta je wurinsa neman gyara. Kathy Whitworth ta fara zuwa wurinsa tun tana budurwa daga jihar New Mexico, ta kuma ƙare da nasara 88, adadin da babu namiji ko mace da ya kai a manyan rukunan ƙwararru na Amurka.

Jan littafi

Tun yana matashi Penick ke da wani ɗan littafin rubutu mai jan bango. Duk abin da ya gwada a kan ɗalibi ya ga ya yi aiki, sai ya rubuta. Ya yi sama da shekara 60 yana wannan, kuma ban da ɗansa Tinsley, wanda ya gaje shi a kulob a 1971, bai bari kowa ya karanta ba.

Tsufa ya zo masa da ciwon baya da na gaɓoɓi, ji ma ya ragu. Duk da haka yakan sa a kai shi kulob, ya zauna cikin 'yar motar fili a inuwar bishiya yana kallon masu atisaye yana ba da gyara. A 1989 ƙungiyar PGA ta zaɓe shi gwarzon malamin shekara.

A farkon shekarun 1990 ya yanke shawarar cewa ɓoye ilimin son kai ne. Ya kira marubuci Bud Shrake ya nuna masa littafin, suka zauna suka tsara shi.

Akwai labarin da ya shahara game da cinikin. Da Shrake ya aiko da saƙon adadin kuɗin da kamfanin ɗab'i na Simon & Schuster ya ambata, hankalin Penick ya tashi, domin ya ɗauka shi ne zai biya kafin a buga masa littafin, ga kuma kuɗin asibiti a kansa. Sai da aka yi masa bayani cewa shi za a biya.

Littafin ya fito a 1992 da sunan Harvey Penick's Little Red Book, wato ɗan ƙaramin jan littafin Harvey Penick. Marubucin na da shekara 87. An sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya, ya shiga sahun littattafan wasanni da aka fi saye a tarihi. Mutumin da ya shafe rayuwarsa a gari ɗaya sai ga wasiƙu na zuwar masa daga sassan duniya. Wasu littattafan sun biyo baya, shi da Shrake.

Makon ƙarshe

A watan Maris na 1995 jikin Penick ya yi tsanani. Crenshaw, wanda wasansa ya taɓarɓare a lokacin, ya je gaishe shi a gida. Daga kan gado dattijon ya sa aka ɗauko wata tsohuwar sanda mai mariƙin itace, ya ce ya buga a kan dardumar ɗakin yana kallo. Ya ba shi gyara kaɗan, ya ja hankalinsa da ya yarda da kansa. Darasin ƙarshe ke nan.

Ranar Lahadi, 2 ga Afrilu, aka buɗe wani mutum-mutumin tagulla a Austin Country Club da ke nuna Penick yana koyar da Kite. Bai samu halarta ba. A ranar ya cika.

A wannan ranar ce kuma Davis Love na Uku, ɗan tsohon ɗalibinsa, ya lashe wata gasa a New Orleans, nasarar da ta ba shi gurbin shiga Masters da za a fara bayan kwana huɗu.

Ranar Laraba, jajibirin gasar, Crenshaw da Kite suka bar Augusta suka yi tafiyar kimanin kilomita 1,500 zuwa Austin domin jana'iza, suka ɗauki gawar malaminsu, suka koma a ranar.

Babu wanda ya sa Crenshaw a lissafi. Shekarunsa 43, ga rashin kataɓus a gasannin baya, ga juyayi. Amma a wajen atisaye a farkon makon, Carl Jackson ya lura da wani abu, ya ba shi shawarar ya ɗan ja ƙwallon baya a tsayuwarsa ya kuma ƙara juya kafaɗa. Gyara ɗaya, cikin 'yan kalmomi, irin na Penick.

Jackson baƙar fata ne ɗan asalin Augusta, wanda ya fara ɗaukar jaka a gasar Masters a 1961 yana da shekara 14, ya kuma yi aikin a gasar sau 54. Shi da Penick daga tushe ɗaya suka fito, amma zamani bai buɗe musu ƙofa iri ɗaya ba.

A ranar ƙarshe Crenshaw ya yi bajinta a rami na 16 da na 17, ya kammala da bugu 274. Ya yi nasara da tazarar bugu ɗaya tak. Wanda ya zo na biyu shi ne Davis Love na Uku.

A 2002, shekara bakwai bayan rasuwarsa, aka sanya sunan Harvey Penick a zauren karrama gwarazan golf na duniya, wurin da akasari masu tarin kofuna ke shiga. Shi kofunansa suna gidajen ɗalibansa.